Wa Ke Magana da Bakin Yarinyar? Tarihin Faɗuwa da Magani a Ƙasar Funtuwa da Malumfashi



Duk wanda ya daɗe yana duba labaran da ake turowa don gyara ya san wannan fage, don kusan a haddace muke da shi. Budurwa ce ko amarya, ta zubar da ruwan zafi da magariba ba ta yi bisimilla ba, ko kuma kishiya ta kai sunanta wurin boka. Ta yanke jiki ta faɗi, idanu suka juye, murya ta koma ta ƙato. Aka kira malam ya yi karatu, aljani ya yi kururuwa, ya faɗi sunansa da na wanda ya turo shi, ya yi alƙawarin fita ta babban yatsan ƙafa. Ta yi atishawa, ta farka tana tambayar me ya tara mutane. Shafi uku an gama, asirin muguwa ya tonu, soyayya ta ci gaba. Mu ma mun rubuta irinsa, ba mu fi kowa ba.

Abin da ya sa muka ɗauko maganar shi ne, wannan fage yana da tarihi, kuma wani babban sashe na tarihin a ƙasarmu aka rubuta shi, tsakanin Giwa da Funtuwa da Malumfashi. Na biyu kuma, a 'yan shekarun nan faɗuwar ta bar cikin littafi ta shigo gidajenmu da yawa, kuma ba ta ƙarewa a shafi uku.

Kafin wani ya yi saurin ɗaga yatsa: ba gardamar samuwar aljanu muka zo yi ba. Alƙur'ani ya tabbatar da su, har da sura guda mai sunansu, kuma ruƙya da ayoyin Allah ta tabbata a sunna. Sai dai Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a 1350, da ya zo maganar farfaɗiya a Zadul Ma'ad, gida biyu ya raba ta: wadda miyagun ruhohi ke jawowa, da wadda ke tasowa daga lalacewar jiki, wadda ya ce ita ce likitoci ke magana a kanta. Malamin da ya rayu shekaru kusan 700 da suka wuce bai ce kowace faɗuwa aljani ba ce. Mu ne a littattafanmu muka fi shi tsanani.

Mu fara da abin da kakanni suka yi. Kafin jihadi, kuma har bayansa a wurare da yawa, mai irin wannan ciwo bori ake kai shi. A bori, namijin da iska ke hawa doki ne, mace kuma goɗiya. Iskokin suna da garinsu, Jangare, da sarki da fadawa da gidaje 12, kamar yadda Fremont Besmer ya tattara daga bakin 'yan borin Kano a littafinsa na 1983. Kowane da halinsa: Malam Alhaji tsoho mai tari, Ɗan Galadima ɗan sarki mai caca da ɓarnar dukiya, Kuturu, Sarkin Rafi, da Inna wadda ake dangantawa da shanyewar jiki. Ana kiran kowane da nasa take a garaya ko goge. Idan iska zai sauka doki ya yi atishawa, ya tashi bai san abin da ya faɗa ko ya aikata ba. Kun ga inda atishawar littattafanmu ta fito: mun yi watsi da bori, amma mun riƙe atishawarsa ba mu sani ba.

Wasan dandali shi ya fi jan idon baƙi, amma ba shi ne zuciyar lamarin ba. Da wuya a sami wanda ya shiga bori don sha'awa, ciwo ke kai mutum. Mace ta dinga faɗuwa, ko ta daina magana, ko ƙafa ta riƙe ba rauni, an yi magani ya ƙi. Sai a yi mata girka. A killace ta kwana 7 ko fiye a hannun wadda ta riga ta shiga irin halin, ana ba ta jiƙo, ana turara ta, ana kiɗa, dangi suna kawo abinci da kuɗi. Ba korar iskan ake nufi ba, horar da shi ake, ta yadda faɗuwar da ke zuwa ko'ina, bakin murhu ko bakin rijiya, za ta koma mai lokaci da wuri. In an gama, ba a kiran matar mahaukaciya. Tana komawa ɗakinta, tana da ƙawaye masu irin lalurarta.

A cikin girka akwai yanka don iska, wannan kuwa shirka ce, babu musulmin da zai kare ta. Amma in mun ajiye yankan gefe muka duba abin da ya rage, za mu ga mara lafiya ta sami kwanaki ana kula da ita, ta sami mutane kewaye da ita ba masu kallo ba, kuma duk abin da muryar nan ta biyu ta faɗa an saurare shi da muhimmanci. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Shugabannin jihadin 1804 sun yaƙi bori, kuma sun san ƙarfinsa, don a Gobir Inna, wadda ke shugabantarsa, 'yar gidan sarauta ce mai faɗa a ji. Abin da ba mu cika faɗa ba shi ne, ba hani kawai suka yi ba. Nana Asma'u, 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta kafa 'Yan Taru, inda jajis ke bin ƙauyuka suna tara mata suna koya masu karatu da waƙoƙin wa'azi. Har malfar da Inna ke sawa aka ɗora wa jaji, don matan karkara su gane cewa ga sabuwar uwa. A 1839 kuma ta rubuta Tabshirul Ikhwan, kan neman waraka da surorin Alƙur'ani. Wato ta gane matan nan ba taurin kai ke kai su bori ba, buƙata ce, sai ta ba su wani taron da wani maganin a madadinsa. A ganinmu wannan ne darasi mafi girma a duk tarihin, kuma shi ne wanda na baya suka fi sakaci da shi.

Kudancin Katsina ya yi nisa da Sakkwato, kuma Maguzawa sun ci gaba da zama a gidajensu na gona a ƙasashen Malumfashi da Ƙafur da Ƙanƙara da Bakori, suna biyan haraji ana barinsu da al'adunsu. Turawa ma da suka zo sun hana bori a fili, har ta kai A. J. N. Tremearne sai da ya je wurin Hausawan Tunis da Tarabulus kafin ya kammala littafinsa na 1914. Hani a dandali bai taɓa hana abin da ke faruwa a cikin gida ba.

Shaidar haka tana bakin wata tsohuwa. Baba, wadda aka haifa wajajen 1877 a Karo kusa da Zarewa, ta zauna a Giwa, a kan hanyar nan tamu ta Funtuwa zuwa Zariya, ta ba Mary Smith labarin rayuwarta tsakanin 1949 da 1950, aka buga shi a 1954 da sunan Baba of Karo. Muna roƙon duk mai son rubuta labarin mata ya nemi wannan littafi. Baba musulma ce, a gidajen musulmi ta yi aure, amma bori yana ta fitowa a labarinta a matsayin abin da mata suka sani sarai. Ku kuma duba sauran abin da ke cikin rayuwar: auren da yarinya ba ta so, zaman kishi, mutuwar 'ya'ya, ita kanta ba ta taɓa haihuwa ba. Sannan ga mahara. Baba ta ba da labarin yadda aka kama mutanen gidansu tana yarinya, dangi suka yi ta fafutukar tara kuɗin fansa. Mai karatu daga Faskari ko Sabuwa ko Ɗandume in ya zo wannan wuri sai ya ajiye littafin ya yi shiru, don ba tarihi yake karantawa ba.

A farkon shekarun 1970, Murray Last, wanda muka fi sani da littafinsa kan Daular Sakkwato, ya tare a wani gidan Maguzawa a ƙasar Malumfashi yana nazarin yadda suke jinya. Borin da ya gani a can ba na biki da 'yan kallo ba ne irin na birni. Jinya ce ta cikin gida, kuma galibi harkar mata ce. A wata maƙala da ya fitar a 1981 kan Malumfashi, ya lura da wani abu da har yau muke ciki: maganin asibiti yana sama a daraja, na malamai yana biye, na gargajiya kuwa yana wargajewa, ba shi da sauran tsari ɗaya. Mutane suna gwada wannan su gwada wancan, ba su san musabbabin ciwon ba, sau da yawa ma ba su son su sani. Shekaru 40 da ɗoriya bayan haka, ga mu nan: a kai yarinya wurin malam da safe, a saya mata allura a kemis da rana, a turara mata wani ƙulli da dare, kowa da sunan da ya ba ciwon, ba wanda ya zauna da ita.

Me ya sa mata suka fi yawa? I. M. Lewis, a littafinsa na 1971, ya ce a al'ummu da dama hawan iska hanya ce da marar ƙarfi ke faɗin abin da ba ta isa ta faɗa da bakinta ba. Akwai gaskiya a ciki, musamman gare mu masu tarbiyyar kunya. Mace ba ta kuka a naƙuda, ba ta kiran sunan ɗan fari, in ɗanta ya mutu haƙuri ake ba ta kafin ta buɗe baki, in an yi mata abin kunya rufewa ake don kada gida ya tozarta. Amma a yi hattara da wannan bayani, don mai gaggawa zai fassara shi da cewa ƙarya suke yi. Ba ƙarya ba ce. Wadda ta faɗa cikin wuta ta ƙone hannu ba neman sabon zane take ba.

Daga ƙarshen shekarun 1970 abubuwa suka sauya da sauri. An kafa Izala a Jos a 1978, wa'azi kan bori da tsibbu ya ƙaru, Maguzawa da yawa suka musulunta wasu suka shiga Kiristanci, bori ya koma gefe yana ɓuya. Sai ga abin da ya faru a Kano a 1995 zuwa 1996, lokacin da ɗaruruwan 'yan mata a makarantun sakandare suka dinga faɗuwa, wasu suna ihu, wasu jiki na shanyewa, wasu suna rawa irin ta finafinan Indiya. Aka ce wata aljana ce mai suna Sumbuka. Masu bincike irin su Conerly Casey da Susan O'Brien sun rubuta a kai. A daidai wannan lokaci ne annobar sanƙarau ta 1996 ta kashe dubban mutane a Arewa, ga tsadar rayuwa da mulkin soja, don haka tsoro ya riga ya cika gari. Daga nan ne ruƙya irin ta yi wa aljani tambayoyi ta bazu: wane ne kai, mene ne addininka, wa ya turo ka. Littattafai irin na Wahid Abdussalam Bali na Masar suka shigo, aka dinga naɗar zaman ruƙya a kaset ana saurare. Fagen da muka buɗe da shi, in kun lura, daga nan muka kwafo shi. Bai kai shekara 40 ba, amma muna rubuta shi kamar tun fil azal haka ake.

Ruƙya ta tsarkake aƙida, ta raba mutane da yanka ga iska, kuma akwai malamai masu tsoron Allah da ke yinta da tausayi, suna ma cewa a je asibiti. Amma mu faɗi gaskiya, an yi asarar wani abu a hanya. Jinyar kwanaki ta koma zaman awa ɗaya. Tambayoyin duk aljani ake yi wa, ba a tambayar yarinyar komai. Kuma da kasuwa ta buɗe, waɗanda ba su da ilimi suka shigo da bulala da shaƙa hayaƙin barkono, suna cewa aljanin ake duka, alhali jikin da ke kwana da tsami nata ne. Ƙarshen wannan hanya mun gan shi a 2019, lokacin da 'yan sanda suka buɗe gidajen mari a Rigasa ta Kaduna a watan Satumba, sannan Daura da Katsina a Oktoba, aka fito da mutane da sarƙa a ƙafa. Akasarinsu don shaye-shaye ko ƙiriniya aka kai su, amma akwai masu lalurar ƙwaƙwalwa a ciki, kuma iyayensu ne suka kai su da hannunsu, don ba su san wani wurin ba.

To su likitoci me suka ce? Su ma daga mai aljani suka faro. A ƙarshen 1890 aka kawo wani ɗan kasuwa mai shekara 33 asibitin Salpêtrière da ke Paris, a Faransa, wurin Pierre Janet, wanda ya sakaya sunansa da Achille. Mutumin ya dawo daga wata tafiya ya zama shiru-shiru, daga baya ya ce shaiɗan ya shige shi, wata murya tana zagi da saɓo ta bakinsa. Janet bai tsaya musu da shi ba. Ya yi magana da muryar a hankali, har ya ƙalubalance ta cewa in tana da iko ta sa Achille barci. Da ya yi barcin, sai ya faɗi abin da ke cinsa: ya ci amanar matarsa a wannan tafiya, nadama da tsoron wuta suka yi ta girma a ransa har suka zama wata halitta daban. A kan wannan Janet ya yi aiki, mutumin ya warke, shekaru bayan haka yana lafiya. Shi ma ya yi wa murya tambayoyi kamar malamanmu, bambancin kawai shi ne ya bi ta har ta kai shi wurin mai ita.

Janet ne ya shimfiɗa bayanin abin da za mu iya kira rabuwar hayyaci. A lafiyayyen hali, tunaninka da tunawarka da jin jikinka da sanin ko kai wane ne duk a ɗaure suke wuri ɗaya kamar dami. Idan mutum ya shiga bala'in da ba gudu ba faɗa, musamman yana yaro, ƙwaƙwalwa kan kwance damin don ta tsira. Sai ya ji kamar ba shi ake yi wa ba, kamar yana gefe yana kallo. A lokacin rahama ce. Matsalar ita ce in kwancewar ta zama ɗabi'a, ta dinga dawowa bayan haɗari ya wuce. Wani ya manta wani yanki na rayuwarsa ɗungurungum, wani ya tsinci kansa a wani gari bai san yadda ya je ba, wata ƙafa ko murya ta ɗauke alhali gwaji bai nuna komai ba, wata ta ji duniya ta zama kamar hoto, wata kuma wata murya da wani suna su karɓe jikinta, ta farfaɗo ba ta tuna komai.

Wannan na ƙarshe yana da gurbinsa a kundin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya tun bugu na 10, kuma yana nan a ICD-11 da ya fara aiki a Janairun 2022. Sharuɗɗan suna da ban sha'awa. Ba a kiransa ciwo sai in ya zo ba da son mutum ba, ya wahalar da shi ko ya hana shi harkokinsa, ba ƙwaya ko cutar jijiyoyin ƙwaƙwalwa ta jawo shi ba, kuma ba cikin wata al'ada ko ibada da jama'a suka yarda da ita yake faruwa ba. Kundin bai ce akwai aljani ba, bai ce babu ba, wannan ba hurumin likita ba ne. Abin da ya bayyana shi ne halin da mara lafiya ke ciki. A kudu maso yammacin Yuganda, Marjolein van Duijl da abokan aikinta sun kwatanta mutum 119 da masu maganin gargajiya suka ce iska ya hau su da wasu 71 lafiyayyu daga yankin, suka wallafa a 2010. Masu iskan sun fi sauran yawan bala'o'in da suka gani a rayuwa. Ba a ce duk mai faɗuwa an zalunce ta ba, amma alaƙar ta isa a ce ko yaushe a tambaya.

Yanzu ku ɗora wannan a kan ƙasarmu. A daren 11 ga Disamba 2020 aka kwashe ɗaliban makarantar kimiyya ta Ƙanƙara, aka sako 344 bayan kwana 6. Wannan duniya ta ji. Waɗanda ba ta ji ba sun fi yawa: matan da suka yi watanni a daji aka karɓo su ba wanda ya tambaye su komai don kunya, yaran da suka kwana a cikin dawa suna jin ana harbi, manoman da suka bar gonakin masara da auduga suka dawo Funtuwa suna haya a ɗaki ɗaya. Idan abin da Janet da masu binciken Yuganda suka gani gaskiya ne, to wannan yanki yana tara masu rabuwar hayyaci, kuma kusan dukkansu da sunan aljanu za a kira su.

Maganin likita ba abin mamaki ba ne, sai dai yana son haƙuri. Matakin farko shi ne a tabbatar ba wani abu ba ne, kuma a nan ne kuskure ke kisa. Faɗuwa da zazzaɓi da sanƙarewar wuya na iya zama sanƙarau ko maleriyar da ta hau kai. Mai juna biyu ko mai jego da ta kama jijjiga asibiti za a ruga da ita a take, ba a jira a ga ko aljani zai yi magana ba. Farfaɗiya tana da gwajin da ake manna wayoyi a kai, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan 7 cikin 10 na masu ita za su iya daina faɗuwa in suna shan magani daidai. Sai kuma tiramadol da kodin. In an kawar da waɗannan, babu wata ƙwaya da ke warkar da rabuwar hayyaci ita kanta. Ana ba da magani ne don abokan tafiyarta, kamar ciwon damuwa da rashin barci. Ainihin aikin zama ne da magana, kuma tun zamanin Janet hawa uku ne. Da farko aminci: a raba ta da mai cutar da ita, ta ci ta yi barci, ta gane abubuwan da ke tayar mata, ta koyi dawo da kanta in ta ji abin na zuwa, kamar taka ƙasa da tafin ƙafa, riƙe abu mai sanyi, ambaton ranar da wurin da take. Sai ta yi ƙarfi sannan a taɓa abin da ya faru, kaɗan-kaɗan, da yardarta, don tilasta mata ba da labari a gaban jama'a sabon rauni ne. Daga nan a mayar da ita makaranta ko sana'a ko ɗakinta. In kuma a makaranta ne abin ya kama ɗalibai da yawa, a raba masu faɗuwa da 'yan kallo, a rage hayaniya, don ido da tsoro ke yaɗa shi. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya hana a karanta mata Fatiha da Falaƙi da Nasi. Tun 1954 Thomas Adeoye Lambo ya nuna a ƙauyen Aro, kusa da Abekuta, cewa ana iya jinyar masu lalurar ƙwaƙwalwa a cikin jama'a tare da danginsu, har da haɗa hannu da masu maganin da mutane suka yarda da su.

Inda gizo ke saƙa shi ne wa zai yi aikin. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya sun sha faɗin cewa ba su kai 300 ba, ga mutane fiye da miliyan 200. Daga nan sai dai a nufi Shika ko Barnawa a Kaduna ko Dawanau a Kano ko Katsina, da kuɗin mota na mutum biyu, a kan hanyoyin da kun san halinsu. Sai a Janairun 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958, wadda ita ma gyaran ta Turawa ce ta 1916. Sabuwar ta hana ɗaure mara lafiya da sarƙa, amma doka ba ta zama a gefen tabarma ta saurari yarinya.

Shi ya sa muke ganin abin ya shafe mu. Matar da ba za ta taɓa ganin likitan ƙwaƙwalwa ba tana karanta littattafanmu a waya, ko tana sauraren su ana karantawa. Daga wurinmu take koyon abin da ake yi in 'ya ta faɗi. In kullum abin da muke nuna mata shi ne kishiya ce ta turo, to kishiya za ta zarga, kuma mun san gidajen da irin wannan zargi ya raba. Ba cewa muke ku cire aljanu daga labari ba. Cewa muke, ta fuskar sana'a ma, fagen ya yi arha: mun mayar da yarinyar rediyo, aljani ya karanta sanarwa ya kashe. Mai karatu bai san me take gani in ta rufe ido ba, bai san wa ke kwana kusa da ita ba, bai san yadda take ji da safe in ƙannenta suna kwaikwayon muryar ba.

Akwai wata yarinya 'yar shekara 15, dangin maƙwabtanmu, da suka taso da uwarta daga wani ƙauye ta yamma da Funtuwa bayan an shiga garinsu da dare. Wata biyu tana lafiya, tana ma taya aikin gida fiye da kowa. Sannan ta fara faɗuwa, kullum bayan isha'i, wata murya mai kauri tana fita daga bakinta. An kawo masu karatu har uku. Kowa ya tambayi muryar sunanta da addininta da wanda ya aiko ta, ba ta taɓa amsawa ba. Magana ɗaya take maimaitawa: a kashe fitila, a rufe wa yaron baki. Aka ce aljani ne mai taurin kai da ba ya son haske, aka ƙara kunna fitilu.

Wata gwaggonta ce, tsohuwa da ba ta yi boko ba, ta lura cewa faɗuwar tana zuwa ne daidai lokacin da 'yan acaɓan unguwa ke dawowa gida a jere. Ta ja uwar gefe ta tambaye ta wane yaro ne. Uwar ta daɗe ba ta ce komai ba, sannan ta faɗa. A daren harin, su da wasu maƙwabta sun ɓuya a wani ɗaki, kuma wani dattijo da ke cikinsu ne ya dinga faɗin waɗannan kalmomi. Yarinyar ce ke riƙe da ƙanenta na goye, ita ce ta toshe masa baki har babura suka wuce. Yaron yana raye, yana nan yana wasa a tsakar gida. Dattijon ne ya fita duba shanunsa bai dawo ba.

An mayar da shimfiɗarta ɗakin gwaggon, can ƙurya nesa da titi. An daina tara mata mutane. Tsohuwar tana tofa mata addu'a ta riƙe hannunta tun kafin baburan su fara shigowa, tana kiran sunanta tana gaya mata a Funtuwa take. An kai ta asibiti sau ɗaya, gwaji bai nuna farfaɗiya ba, aka ce a dawo da ita wurin mai zama da ita duk wata. Sun je sau biyu kuɗin mota ya gagara. Har yanzu tana faɗuwa, amma ba kullum ba, kuma a watan jiya ta koma Islamiyya.